Tsirkiya Takwas: Ina Mandolin Ya Shiga a Tarihin Buluz?

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma masu son su karanta a tsanake. Yau kudancin Amurka za mu nufa, kuma a kan wani ɗan ƙaramin abin kiɗa za mu tsaya, wanda da yawanmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba.

Bari in fara da yadda ni kaina na ci karo da shi. Ina aji uku a jami'a, wani dare aka ɗauke wuta, karatu ya gagara, na kwanta da waya ina ta bin tsofaffin waƙoƙi a YouTube. Sai na faɗa kan wata ɗauka ta shekarar 1941. Wani mawaƙi ne mai suna Son House, an ɗauke shi a cikin wani kanti a ƙauyen Lake Cormorant na jihar Mississippi, saboda nan ne ake da wutar lantarkin da na'urar ke buƙata. Kantin yana bakin layin dogo, har a wasu waƙoƙin kana jin jirgin ƙasa yana wucewa. Muryar mutumin kamar za ta tsaga wayar, jita biyu na dukan juna, ga mai busa hamonika. To amma can sama da su duka akwai wani siririn sauti yana karkarwa, yana bin muryar kamar ƙuda ya ga mangwaro. Na ce wannan kuma mene ne? Da na duba sunayen makaɗan sai na ga an rubuta Fiddlin' Joe Martin, mandolin.

Abin ya tsaya mini a rai, domin hoton da nake da shi na wannan kiɗa daban ne. Turawa suna rubuta shi blues, mu a nan buluz za mu ce, kada wani ya zaci Bulus maƙwabcinsa ake nufi. Ka tambayi duk wanda ya ɗan san buluz ya kwatanta maka shi, zai ce maka baƙar fata ne shi kaɗai, zaune a bakin hanya da tsohuwar jita, yana kukan duniya. Haka finafinai suka nuna mana, haka bangon faya-fayai ya nuna. Abin da nake so in nuna muku yau shi ne, wannan hoton an yi masa aski. Mutanen da suka ƙirƙiri buluz yawanci a ƙungiya suke kiɗa, don rawa, kuma mandolin yana cikinsu tun daga farko. Yadda aka yi ya ɓace daga hoton, shi ne labarin.

Da farko, mene ne mandolin? Ɗan ƙarami ne, bai kai rabin jita ba. Tsirkiyarsa takwas ce ta ƙarfe, an jera su biyu-biyu, kowace biyu murya ɗaya suke bayarwa, kuma ana ɗaure su daidai da yadda ake ɗaure gogen Turawa. Da ɗan falle mai tauri ake kaɗa shi. Asalin irin wanda aka fi sani daga birnin Naples na Italiya yake, tun ƙarni na 18. Ku lura da wannan, domin akwai bambanci tsakaninsa da banjo. Shi banjo jininsa na Afirka ne, bayin da aka kwasa daga yammacin nahiyar nan ne suka ƙera shi a can bisa tunanin kayan kiɗan gida, dangin su molo da gurmi. Mandolin kuwa ba shi da wannan nasaba ko kaɗan. Baƙo ne daga Turai.

A 1880 wata ƙungiyar makaɗa daga Sifaniya ta zagaya Amurka, ta yi farin jini sosai. Abin dariyar shi ne su ba ma mandolin suke kaɗawa ba, wani ɗan uwansa ne na ƙasarsu. Sai wasu 'yan Italiya mazauna New York suka ga kasuwa ta buɗe, suka sa irin kayansu, suka ari sunansu, suka fito da mandolin. Daga nan yayi ya kama. 'Yan makaranta, 'yan mata na gidajen masu hali, ma'aikatan ofis, kowa sai koyon mandolin, har ana kafa ƙungiyoyi na mutum ashirin ko talatin. Wani mai suna Orville Gibson a garin Kalamazoo ya sake masa fasali, ya yi masa baya mai faɗi maimakon mai kama da ƙwarya, kuma a 1902 aka kafa kamfanin da ke ɗauke da sunansa. E, wannan Gibson ɗin dai da yau aka san shi da jita, da mandolin ya fara cin abinci.

Na Gibson tsada gare shi. Talakan ƙauye ta wata hanya abin ya iso masa. Kamfanoni irin su Sears suna buga ƙaton kundin talla, ka zaɓi abin da kake so, ka aika kuɗi ta gidan waya, a kawo maka. Ga baƙar fata a kudancin Amurka na wancan zamani, lokacin dokokin wariya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A kantin gari sai ka jira an sallami duk wani farar fata kafin a dube ka, kuma mai kantin sau da yawa shi ne mai gonar da kake noman kashi-mu-raba a cikinta, bashinsa na wuyanka. Gidan waya kuwa bai san launin wanda ya aiko da kuɗi ba. Ta haka jita mai araha da mandolin mai araha suka shiga bukkokin masu tsinkar auduga.

Me ya sa suka riƙe shi? Ku yi tunanin daren Asabar a wani gidan katako, an ture kujeru gefe, ana soya kifi ana sayarwa, mutum hamsin na taka rawa da takalma a kan daɓen katako. Babu lasifika, babu wuta ma. Jita muryarta a tsakiya take, hayaniya na haɗiye ta. Mandolin kuwa tsini gare shi, yana huda hayaniya ya fita har waje. Wasu ma sukan ɗauki wanda aka yi wa ciki irin na banjo, mai fata, don ƙara ya ƙaru, kamar Vol Stevens na ƙungiyar Memphis Jug Band.

Sai dai yana da matsala guda biyu ga mai son buluz. Ta farko, sautinsa ba ya daɗewa, kana kaɗawa yana mutuwa. Maganin wannan shi ne karkarwa: hannu ya yi ta kai da komo a kan tsirkiya da sauri har sautin ya zama kamar zare ɗaya dogo. 'Yan Italiya da wannan suke waƙoƙin soyayya, su kuma waɗannan suka mayar da ita kuka. Matsala ta biyu ta fi wuya. Daɗin buluz yana cikin lanƙwasa murya, wato sautin da ke tsakanin sauti biyu. Mai jita yakan tura tsirkiya da yatsa, ko ya goga mata wuƙa ko wuyan kwalba. Tsirkiyar mandolin gajera ce, a ɗaure tamau, ga ta biyu-biyu, ba ta yarda a tura ta. Sai suka koma zamewa da yatsa daga wuri zuwa wuri, da haɗa sauti biyu masu gogar juna a lokaci ɗaya, har kunne ya ji kamar an lanƙwasa. Ni a wurina nan ne gwanintar take. An ɗauki abin da ba a ƙera shi don wannan yare ba, aka tilasta masa ya iya.

Yanzu ga hujjar da ta fi ƙarfi cewa yana nan tun farko. W. C. Handy, mutumin da ake yi wa laƙabi da uban buluz, makaɗi ne mai ilimin rubutaccen kiɗa, yana jagorantar ƙungiya ta mutum tara. A littafin tarihin rayuwarsa na 1941 ya ba da labarin wani dare a garin Cleveland na Mississippi, a farkon shekarun 1900. Suna cikin kiɗa sai aka roƙe shi ya ɗan ba wasu 'yan gari wuri. Mutum uku suka hau, da tsohuwar jita, da mandolin, da babban goge mai kaurin murya da ya sha jiki. Suka kama wani kiɗa mai maimaita kansa, wanda shi Handy ya raina. Kafin su sauka, kuɗin azurfar da 'yan rawa suka watsa musu ya fi abin da aka biya mutanensa tara na daren gaba ɗaya. Shi da kansa ya ce wannan dare ne ya buɗe masa ido. Bayan 'yan shekaru ya fara buga waƙoƙin buluz a takarda, 1912 da 1914, ya yi suna ya yi kuɗi. To ku duba fa. A labarin da ake kafa hujja da shi kan asalin buluz, kashi ɗaya cikin uku na kayan kiɗan mandolin ne. Kuma a littafin da aka buga, sunan ko ɗaya daga cikin mutum ukun nan bai fito ba.

Wanda ya fi kowa riƙe wannan abin kiɗa shi ne James Rachell, wanda aka fi sani da Yank Rachell, ɗan manoma daga kusa da Brownsville a jihar Tennessee. Labarin yadda ya samu na farkonsa, shi ya sha ba da shi da bakinsa. Yana ɗan shekara takwas, uwarsa ta ba shi ɗan alade ya kiwata. Wata rana ya wuce wani mutum zaune a ƙofar gida yana kaɗa mandolin, ya tambayi kuɗinsa, aka ce dala biyar. Yaro ba shi da ko sisi, sai ya koma gida ya lallaɓo aladen ya kawo. Da uwar ta gane, ta gaya masa cewa idan lokacin yanka ya zo kowa na cin nama, shi sai ya ci mandolin ɗinsa. Duk wanda ya taɓa sayar da akuyar gida ba da izini ba ya san irin wannan magana.

Ashe kuwa shi zai ci har tsufansa. Ya haɗu da wani mawaƙi ɗan yankinsu, Sleepy John Estes, mai wata irin murya kamar yana kuka yana magana. Da su biyu da mai fiyano Jab Jones suka riƙa kiɗa a titunan Memphis, kuma a 1929 da 1930 kamfanin Victor ya ɗauke su a faifai. Ku nemi "Diving Duck Blues" ko "Milk Cow Blues" ku saurara. Estes ba ya bin ƙidaya yadda littafi ya ce, yakan ja layi ya yi tsawo, ya yanke wani. Mandolin ɗin Rachell yana biye da shi duk inda ya karkata, yana cike gurbin da numfashinsa ya bari. Rachell yakan sassauta tsirkiyarsa ƙasa da yadda aka saba, shi ya sa sautinsa ya fi kauri da duhu. Ni ban taɓa jin wani abin kiɗa ya yi wa murya rakiya haka ba, kuma na san masoya jita za su cika mini akwatin saƙo, ku zo ina jira. A 1938 kuma ya yi aiki da Sonny Boy Williamson na farko, mai hamonika, a kamfanin Bluebird.

Ba shi kaɗai ba ne. A Dallas akwai Coley Jones, wanda ƙungiyarsa ta ɗauki "Dallas Rag" a 1927. A Jackson ta Mississippi akwai Charlie McCoy, wanda tun bai kai shekara ashirin ba ya raka Tommy Johnson da Ishmon Bracey ɗaukar faifai a 1928, daga baya ya koma Chicago ya shiga ƙungiyar Harlem Hamfats tare da wansa Joe a 1936. Hannun McCoy ya fi na kowa tsabta da sauri. Su biyun duka sun rasu a 1950, aka binne su ba ko alama a kan kabari, sai bayan fiye da shekara hamsin masoya suka yi karo-karo aka sa. Sai Howard Armstrong, shi kuma wani irin mutum ne daban. Ya tashi a wani garin masana'antu a Tennessee cikin baƙin haure, ya tsinci Italiyanci a bakin maƙwabta. Lokacin da tattalin arziki ya karye, shi da abokansa Carl Martin da Ted Bogan sukan shiga mashayar 'yan Italiya ko 'yan Jamus a Chicago, inda baƙar fata ba ya shiga lafiya, ya gaishe su da yarensu, ya kaɗa musu waƙar garinsu, a cika musu hula.

Wannan na Armstrong yana nuna abin da kasuwa ta ɓoye. Makaɗan nan komai suke kaɗawa: buluz, kiɗan rawar Turawa, waƙar coci, waƙar da ake yayi. Wanda ya biya shi ke zaɓa. To amma tun daga 1920, da faifan Mamie Smith ya nuna wa kamfanoni cewa baƙaƙe ma suna sayen faifai, sai aka raba kasuwa gida biyu. Kundi ɗaya na baƙaƙe, kundi ɗaya na fararen ƙauye. Da Blind Lemon Jefferson ya yi kasuwa a 1926 shi kaɗai da jitarsa, sai wakilan kamfanoni suka bazama neman irinsa. Mutum ɗaya ya fi sauƙin ɗauka, ya fi arahar biya. Baƙar fata ya zo da goge da mandolin, sau da yawa sai a ce masa wannan ai kiɗan ɗaya kundin ne. Babu wanda ya zauna ya ce mu kashe mandolin. Lissafin riba ne kawai, amma abin da ba a ɗauka a faifai ba, jikoki ba za su ji shi ba.

Ga wani misali da ke ci mini rai. Bill Monroe, farar fata ɗan Kentucky, shi ne ya kafa salon da ake kira bluegrass, kuma shi ya sa yau duk wanda ya ga mandolin a Amurka sai ya tuna fararen ƙauye da hular kaboyi. Shi ma dole ce ta sa ya ɗauke shi, don yayyensa sun riga sun kama goge da jita. Monroe bai taɓa ɓoye cewa buluz ɗin da ke cikin kiɗansa daga wani baƙar fata ya samo shi ba, Arnold Shultz, wanda ya riƙa ɗaukarsa yana yaro su je kiɗan rawa. Shultz ya rasu a 1931. Ko faifai ɗaya bai bari ba, babu mai rai yau da zai iya kunna maka sautin hannunsa.

Daga nan abubuwa suka taru suka danne. Karayar tattalin arziki ta 1929 ta rusa kasuwar faifai, daga sama da miliyan 100 a 1927 zuwa kusan miliyan 6 a 1932. Sannan baƙaƙe suka yi ta ƙaura daga gonakin kudu zuwa biranen arewa. Ku ɗauki Muddy Waters. A 1942, lokacin da Alan Lomax ya koma ɗaukarsa a gonar Stovall domin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, cikin ƙungiya ya same shi: Son Simms da goge, Percy Thomas da jita, Louis Ford da mandolin. A 1943 ya hau jirgi zuwa Chicago. Bayan shekara goma, ƙungiyarsa ta zama jita mai wuta, ganguna, fiyano da hamonika. Aikin da mandolin yake yi, wato huda hayaniya da amsa wa murya daga sama, lasifika ta raba wa wasu.

A titin Maxwell na Chicago, wata kasuwar gwanjo da makaɗa ke taruwa ranar Lahadi, za ka ga canjin da idonka. A 1947 wani mai shagon rediyo a titin ya buɗe ɗan ƙaramin kamfanin faifai, Ora Nelle. Ya ɗauki wani saurayi mai hamonika, Little Walter. Ya kuma ɗauki Johnny Young, ɗan Vicksburg, mai mandolin. Titi ɗaya, shekara ɗaya. Zuwa 1952 Little Walter ya manna hamonikarsa a makirfo, waƙarsa "Juke" ta hau saman jadawalin kasuwa. Johnny Young shi ma ya sa wa mandolin wuta, kuma wallahi ya iya, ku saurari abin da ya ɗauka a shekarun 1960 ku ji yadda yake kokawa da ganguna. Amma har ya rasu a 1974 bai fita daga ƙananan mashaya da kuɗin cefane ba.

Aski na ƙarshe kuwa masoya ne suka yi shi, kuma nan ne nake so matasa irina masu son tono tarihi mu yi hattara. A ƙarshen shekarun 1950 da cikin 1960, samari farare 'yan jami'a a Amurka da Ingila suka kamu da son tsohon buluz. Sun yi aikin kirki, sun bi ƙauyuka sun nemo tsofaffin da aka manta. Amma da hotonsu a kai suka tafi: mutum ɗaya, jita ɗaya, baƙin ciki. Faifan Robert Johnson da aka sake fitarwa a 1961 ya zama ma'auni. Kiɗan ƙungiya, mai sa rawa da dariya, bai yi musu kama da wahalar da suke nema ba. Mai neman abu yakan ga abin da ya fito nema ne. Abin mamaki, da Rolling Stones suka sake yin wata waƙar Robert Johnson ɗin a 1969, "Love in Vain", sai da suka kira Ry Cooder ya sa musu mandolin.

Shi Rachell fa? Ya bar kiɗa a matsayin sana'a, ya yi noma, ya yi aikin ƙarfi, ya koma Indianapolis a shekarun 1950. A 1962 aka gano Estes a Brownsville, ya makance, cikin talauci mai tsanani, alhali da yawa sun ɗauka ya daɗe da mutuwa. Ta dalilinsa aka nemo Rachell. A 1963 kamfanin Delmark ya fitar da faifai mai suna "Mandolin Blues", suka hau dandalin Newport a 1964, suka je har Turai. Sannan Taj Mahal, wani matashin mawaƙi baƙar fata, ya gina waƙarsa "She Caught the Katy" a kan wata tsohuwar waƙar Rachell a 1968, kuma ya yi abin da da yawa ba su yi ba a wancan zamani: ya rubuta sunan tsohon a matsayin abokin ƙirƙira. Da waƙar ta buɗe fim ɗin The Blues Brothers a 1980, sunan James Rachell yana jikinta.

A 2005 wasu matasa baƙaƙe a North Carolina suka kafa ƙungiyar Carolina Chocolate Drops, suka ari sunan daga tsohuwar ƙungiyar Howard Armstrong, suka riƙa zuwa gidan wani dattijo mai goge, Joe Thompson, suna koyo a gabansa. Sun ci kyautar Grammy a 2011. Armstrong bai gani ba, ya rasu a 2003. Rachell kuwa ya ci gaba da hawa dandali a Indianapolis da mandolin mai wuta, jikarsa na raka shi, har ya rasu a watan Afrilun 1997.

Aikin gida na wannan makon: ku nemo ɗaukar Son House ta 1941, ku sa abin kunne, ku ƙyale muryar da jitar na minti ɗaya, ku bi siririn sautin nan na sama. Wanda ya ji jirgin ƙasan ya gaya mini a minti na nawa ya wuce. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.